Idan Dare Ya Zama Rana: Jagorar Maganin Barci Ga Baƙon Makka da Mai Zuwa Gwanzu

Ƙarfe biyu da rabi na dare wani dattijo ya turo ƙofar saidaliyyar, wato kantin maganin, da nake aiki a nan Makka, idanu jajur, carbi a hannu. Da ya ji na amsa masa da Hausa sai ya saki jiki ya jingina da kanta. Ya ce, "Ɗana, ƙwayar barci nake so, mai ƙarfi, wadda in na haɗiya ba zan san inda kaina yake ba." Na ce, "Baba, daga ina aka taso?" Ya ce daga Hustan ta Amurka, yau kwana uku. Tun da ya sauka Jidda bai runtsa da dare ba, amma da an sallame Asuba sai barci ya danne shi kamar an aza masa buhun gero, ba ya farkawa sai La'asar ta gota. Mutum ya tara kuɗi ya zo don ya yi salla a Harami, ga shi yana rama Azahar a ɗakin otal.

Ban ba shi abin da ya nema ba. Doka ba ta bar ni ba, kuma ko ta bari, ba shi ne maganin abin da ke damunsa ba. Barcinsa lafiya lau yake, lokacin zuwansa ne ya goce. Ƙarfe biyu da rabin nan da muke tsaye, a jikinsa yamma ce, ko tuwon dare bai yi ba. Wannan shi nake kira saɓanin agogo: agogon gari na faɗin abu ɗaya, agogon jiki na faɗin wani.

Agogon jikin nan ba karin magana ba ne. Wani ɗan gungun jijiyoyi ne a cikin ƙwaƙwalwa, yana karɓar labari daga hasken da ke shiga ido. In duhu ya yi, sai ya sa wani ɗan ƙullutu a tsakiyar kai ya saki sinadarin melatonin cikin jini, jiki ya yi sanyi, ido ya yi nauyi. Ba ya son gaggawa. Wanda ya nufi gabas, agogonsa kan matsa da kamar awa ɗaya a kwana. Wanda ya nufi yamma, kamar awa ɗaya da rabi, domin ƙara wa rana tsawo ya fi wa jiki sauƙi a kan rage ta. Kakanninmu da suka keto Chadi da Sudan a ƙafa, suka shekara a hanya kafin su tsallako daga Sawakin, ba su san wannan ciwo ba. Jirgin sama ne ya kawo shi.

Mataki na farko: ƙirga awannin da ka tsallake

Ba daɗewa a cikin jirgi ake ƙirgawa ba, tazarar agogo ake ƙirgawa. Saudiyya na gaban Sudan da awa 1, tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Ghana da awa 3. Landan awa 2 ce a lokacin zafinsu, 3 a hunturu, saboda su suna canja agogo, mu a nan ba ma canjawa. Niyok da Toronto awa 7 ko 8. Hustan 8 ko 9. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, Gwanzu ta ƙasar Sin da Kuala Lumpur su ke gabanmu da awa 5.

In tazarar ba ta wuce awa 3 ba, ajiye maganar ƙwaya. Alhajin da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Yamai yana cewa barci ya ƙi, yawanci gajiya ce tsagwaronta: kwana biyu a sansanin alhazai ana jiran jirgi, awa biyar a sama, layin jawazat masu duba fasfo, bas, ɗawafi da sa'ayi, sannan ɗaki mai mutum huɗu ko biyar, ɗaya na minshari, ɗaya na waya da gida har tsakar dare. Maganin wannan ruwa ne da abinci da abin toshe kunne. Kwana biyu ya isa ya warware.

Daga awa 5 zuwa sama ne magani ke da abin cewa, kuma mai zuwa gabas ya fi mai zuwa yamma buƙatarsa. Haka nan in tafiyar ta kwana biyu ce ko uku, kada ka wahalar da kanka wajen juya agogo. Kafin ya juyu ka koma gida, ka sake sabon aiki.

Mataki na biyu: tun kana gida

Je wurin likitanka da duk magungunan da kake sha, ka faɗa masa inda za ka da tazarar awanni. Mai allurar insulin ya fi kowa buƙatar wannan zama, domin ranar tafiya gabas gajeriya ce, ta yamma doguwa, kuma adadin allura na iya buƙatar gyara. Mai maganin farfaɗiya, da Hajiyar da ke shan ƙwayar jinkirta al'ada don Umara, su riƙa lissafi da awannin da ke tsakanin sha da sha, kada su bi agogon bango.

Sai maganar takardu, wadda mutanenmu ke wasa da ita har ta zama kuka. Ƙwayoyin barci irin su zolpidem, zopiclone, diazepam da bromazepam, wanda aka fi sani da Lexotan, duk suna cikin magungunan da hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ke sa wa ido, tare da tramadol da codeine da pregabalin. Mai shigowa da su sai da takardar likita mai ɗauke da sunansa, da cutarsa, da sunan maganin, da yadda yake sha. Kada takardar ta haura wata shida, kada maganin ya wuce na kwana 30, ko na tsawon zamanka in bai kai haka ba. Hukumar na da shafi a intanet inda ake neman izini tun kafin a taso, a yi shi da wuri. Ka bar kowane magani cikin kwalinsa. Al'adar nan ta ɓare ƙwayoyi a zuba a leda, ko a ƙulle a bakin zane, a bar ta a gida.

Kada kuma ka riƙe wa kowa saƙon magani, ko wanene. Waɗanda suka bi labarin ɗalibar nan 'yar Kano da aka tsare a nan Saudiyya a ƙarshen 2018 kan jakar tramadol da aka liƙa wa sunanta, ba ta fito ba sai Afrilun 2019, sun san abin da nake nufi. Ita ma da ba ta ji ba ba ta gani ba ke nan.

In da hali, kwana uku kafin tafiya gabas ka riƙa kwanciya da wuri da awa ɗaya kowace rana. Na san mai haɗa kaya da sallamar dangi ba ya samun wannan. To aƙalla kada ka hau jirgi da bashin barci, don ba a cin bashinsa a kwana lafiya.

Mataki na uku: a cikin jirgi

Shawarata a nan gajeriya ce: kada ka sha ƙwayar barci a sama. Wanda ƙwaya ta kwantar yakan yi awanni a dunƙule ba motsi, jini ya taru a ƙafa, kuma daga nan gudan jini ke samuwa, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu sai dai wani ikon Allah. Tashi ka taka kowace awa biyu, ka sha ruwa.

Ga mai zuwa Umara akwai dalili na biyu. Jirgin da zai sauka Jidda yakan yi sanarwa in an kusa mikati, don a yi niyya a fara talbiyya. Wani kawuna ya haɗiyi ƙwaya bayan abincin ƙarshe, sanarwa ta wuce yana ta sharar barci, bai farka ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasa. Sai ga shi a filin jirgi yana tambayar malamai ko ya koma mikati ko ya yi yanka. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Juya agogon hannunka zuwa lokacin inda za ka tun daga tashi. In dare ne a can, rufe ido da ƙyalle ka kishingiɗa. In rana ce, yi karatu, yi hira.

Mataki na huɗu: melatonin, da lokacin shansa

Wannan shi ne maganin da ya dace da ciwon, domin shi kaɗai cikin abin da ke kan kanta yake taɓa agogon kansa. Irin sinadarin da jikinka ke yi ne, aka zuba a ƙwaya. Ba ya buge mutum. Wanda ya sha yana jiran ya ji an kashe masa fitila zai ce jabu aka sayar masa. Aikinsa ya raɗa wa jiki cewa dare ya yi, kuma raɗa ba ta amfani sai an yi ta a kan kari.

Adadi: daga rabin miligiram zuwa miligiram 5. Yawancin manya miligiram 3 ya ishe su. An gwada, an ga 5 na kawo barci da sauri fiye da rabi, amma abin da ya haura 5 ba ya ƙara komai sai nauyin kai da safe. Masu zuwa da kwalbar miligiram 10 daga Amurka, a raba ƙwayar biyu. Nemi mai narkewa nan take. Akwai wani na miligiram 2 mai sakin kansa a hankali cikin dare, an yi shi ne don rashin barcin masu shekaru, bai kai wancan aiki ba a saɓanin agogo.

Lokaci: daren farko da ka sauka, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kwanciya, da agogon garin da kake. Kada ka sha kafin ƙarfe 8 na dare, kada ka sha bayan ƙarfe 4 na asuba. Wanda ya sha da rana don ya "rama barci" ya tura agogonsa inda ba a so, ya ƙara wa kansa kwanaki. Ka yi dare uku zuwa biyar a jere, a lokaci guda, sannan ka daina.

A Makka wannan yana nufin bayan Isha. Isha a nan awa ɗaya da rabi ce bayan Magariba, tana yawo tsakanin bakwai da 'yan mintuna a hunturu zuwa takwas da rabi a tsakiyar zafi. Matsalar ita ce cin abinci. Mutanenmu sai an fito Isha ake zuwa a ɗauko shinkafar bukhari ko mandi, ko a gangara Shara Mansur neman tuwo, a ci a ƙoshi ƙarfe goma. Ana son a bar tazarar awa biyu tsakanin abinci da melatonin, mai ciwon sukari ma ya kai uku, don shan sa a kan ƙoshi na iya dagula sukarin jini. Saboda haka ka ci babban abincinka kafin Magariba ko tsakanin Magariba da Isha, ka dawo masauki, ka sha wajen tara da rabi, ka kwanta goma. In ka sha, kada ka tuƙa mota sai bayan awa biyar.

Waɗanda ba za su sha ba sai likita ya ce: mai juna biyu da mai shayarwa, mai farfaɗiya, mai shan warfarin na tsinka jini, mai ciwon hanta, mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, da mai shan fluvoxamine, wanda ke ninka melatonin a jini ninkin ba ninkin. Mai shan nifedipine na hawan jini ya riƙa auna jininsa. Yara kuwa ba a ba su da ka.

Abu biyu game da wanda ake shigowa da shi daga waje. A Amurka ba a ɗauke shi magani ba, kayan ƙarin lafiya ne, kowa na iya saye, kuma ba a tsananta binciken abin da ke ciki. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2017 ya tarar wasu ƙwayoyin ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a kwali ba, wasu kuma sun ninka shi fiye da sau biyar. A Ingila sai da takardar likita. Na biyu, irin mai kama da alewar nan mai danƙo sau da yawa da jelatin ake yinsa, ka duba kwali ka ga daga wace dabba. Ka kuma ɓoye shi, don yaro in ya gani alewa ce a wurinsa.

Mataki na biyar: haske, wanda ya fi ƙwayar ƙarfi

A nan ne aka fi faɗuwa. Mutum ya sha melatonin daidai, amma ya bar haske na warware masa aiki.

Ga lissafin. Ɗauki lokacin da ka saba tashi a gida, ka cire awa biyu zuwa uku. Wannan shi ne tsakiyar daren jikinka, lokacin da jiki ya fi sanyi, barci ya fi nauyi. Hasken da ya shiga idonka kafin wannan lokaci yana tura agogo baya, ka riƙa jin barci a makare. Hasken da ya shiga bayansa yana jawo agogo gaba, ka riƙa jin barci da wuri. Mai zuwa gabas jawowa yake so.

Misali, mai tashi ƙarfe 6 a Niyok. Tsakiyar darensa wajen 4 ne. Ƙara awa 7, ya zama 11 na safe a Makka. Ke nan in ya fito daga Asuba ya zauna a farfajiyar Harami yana kallon fitowar rana, farin marmara na haska masa ido, jikinsa na ɗauka hasken yamma ne, sai ya ƙara tura dare gaba. Ranar farko ya sa baƙin tabarau tun daga fitowar rana har 11, ko ya koma ɗaki ya ja labule. Daga 11 har La'asar ya nemi haske. Washegari ya fara daga 10, jibi daga 9, a haka har rana ta huɗu ko ta biyar ya ajiye tabarau. Tabarau ba ya taɓa harami. Mai tazarar awa 8 ko 9 ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan, domin in hasken safe ya yi masa yawa agogonsa na iya zagayowa ta doguwar hanya, abin kwana biyar ya koma na goma.

Da na ce a nemi haske ban ce a tsaya a rana ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Inuwar waje ta wadatar, ko bakin taga da aka yaye labule. Hasken inuwa da rana tsaka ya ninka fitilar ɗaki nesa ba kusa ba.

Da dare kuma sai a juya. Fitilun Harami sun mai da dare rana, ga hasumiyar agogo da fuskarta mai faɗin mita 43 tana leƙo tagogin otal-otal. Abin dariya ne, agogo mafi girma a duniya na saman kanka, jikinka ya ce bai yarda da shi ba. In ka dawo daga Isha, ja labule, rage fitila, kife waya. 'Yan gida da ke son kiran bidiyo su ga Ka'aba, a ba su lokacin La'asar.

Ƙwayoyin barci na gaske

Zolpidem, wanda ake sayarwa da sunan Stilnox ko Ambien, da ɗan'uwansa zopiclone, su ne abin da dattijon nan ke nema. Suna kawo barci cikin rabin awa, amma ba sa matsar da agogo ko taku ɗaya. Ranar da ka daina, kana inda jikinka ya kai da kansa. Amfaninsu ga wanda dole ne ya wayi gari da hankalinsa a daren farko ko na biyu, kuma likitan da ya san shi ya rubuta masa. A nan ba a ba da su sai da wasfa, wato takardar likita, ta musamman.

In an rubuta maka, ga ƙa'idoji. Ka fara gwadawa a gida kafin tafiya, ka ga yadda take yi maka. Ka sha kana bakin gado. Kada ka wuce dare biyu ko uku. Kada ka haɗa ta da melatonin. Kada kuma ka haɗa ta da maganin tari mai codeine, ko tramadol, don haɗin na iya danne numfashi. Zolpidem miligiram 10 ne iyaka ga babba. Tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta mai da na mata 5, saboda ya fi daɗewa a jininsu, haka ma wanda ya haura 65. A 2019 hukumar ta ƙara gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa, bayan an samu masu tashi cikin barci su fita, su yi girki, har su tuƙa mota, da safe ba su tuna komai.

Babban cikas a Makka shi ne gajartar dare. Ƙwayar nan na neman awa 7 zuwa 8 a kwance. Asuba a watan Yuni huɗu da 'yan mintuna ce, kuma mai son sahu a ciki tun ƙarfe uku yake fita. Wanda ya sha ƙarfe goma ya tashi uku, da rabin ƙwaya a jininsa zai shiga cunkoso, ya hau matattakalar lantarki, ya taka jiƙaƙƙen marmara a wurin alwala. Tsoho in ya faɗi a nan, ƙugu ne. Wanda zai kama sitiyari da safe zuwa Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, ko kusa da ita kada ya je, ya hau jirgin ƙasan Haramain. Mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa, da mai ciwon huhu, ba nasu ba ce sam. Diazepam da Lexotan kuwa ban ga gurbinsu a wannan ciwo ba. Diazepam kan kwana ya wuni a jiki, mutum ya zauna jiran salla barci mai nauyi ya sace shi, alwala ta tafi bai sani ba.

Na kan kanta, da ake ɗauka ba komai

Piriton, Phenergan, Panadol Night. Duk suna ɗauke da maganin mura ko ƙaiƙayi mai sa gyangyaɗi, kuma su ne baƙi suka fi tambayata. Suna sa barci, amma suna barin mutum da jiri har hantsi, suna busar da baki, suna rage gumi, abin da ba a so a garin da zafi ke kisa. Dattijo mai kumburin mafitsara ta maza, fitsari na iya ɗauke masa gaba ɗaya. Panadol Night na ɗauke da paracetamol miligiram 500 a kowace ƙwaya, kuma kusan kowane alhaji na shan wani maganin mura mai paracetamol. In an haɗa aka haura giram 4 a yini, hanta ce ke biya. Iyaye mata, kada a ɗura wa yaro Phenergan don ya yi shiru a jirgi. Ƙasa da shekara 2 yana iya tsayar da numfashi.

Gahawa da kailula

Gahawa da shayi su ne maganin rana. Kofi ɗaya da hantsi, wani bayan Azahar. Daga La'asar a tsaya, domin bayan awa biyar rabin ƙarfinta na nan a jini. In Balarabe ya gayyace ka majalisa da dare, zai yi ta tsiyaya maka har sai ka girgiza finjali, to ka girgiza tun a na farko. Goro ma haka yake, ga shi kullum ana gargaɗin alhazai kada su shigo da shi.

Kailula minti 20 zuwa 30 bayan Azahar, da ƙararrawa, ko ka sa abokin ɗaki ya tashe ka ba tausayi. Barcin awa uku da rana shi ke cinye na dare.

Masu Gwanzu, da hanyar dawowa

'Yan kasuwarmu na Jidda da ke zuwa baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu a Afrilu da Oktoba gabas suke yi, awa 5. Tsarin ɗaya ne: melatonin ƙarfe goma na daren can, dare uku ko huɗu. Sai dai a lura da lissafin haske, don mutumin Jidda ba ya kwanciya da wuri. Wanda ya saba kwanciya biyun dare ya tashi goma, tsakiyar darensa wajen 7 na safe ne, wato 12 na rana a Gwanzu. Shi tazararsa a aikace ta fi awa biyar, ya sa tabarau da safe, kuma kada ya sa cinikin manyan kuɗi kafin Azahar a kwana biyun farko.

Dawowa yamma ce, daga Sin zuwa nan ko daga nan zuwa Amurka. Barci zai kama ka tun Magariba, ka farka ƙarfe biyu. Maganin wannan hasken yamma ne: fita bayan La'asar, zauna cikin mutane da fitilu, daure har goma. Yawanci ba a buƙatar ƙwaya. In ka farka tsakar dare kuma huɗu ba ta yi ba, ƙaramin adadi, rabin miligiram zuwa ɗaya, na iya taimakawa, muddin ba tuƙi a gabanka.

Mai zuwa daga Amurka a goman ƙarshe na Ramadan kuwa, shi gari ne ya juyo ya same shi. Ana tarawihi, ana tahajjudi, ana sahur, a yi Asuba, sannan a kwanta daga shida zuwa Azahar. Shida na safe a Makka goma ko sha ɗaya na dare ne a Niyok. Kada ya juya komai, kada ya sha komai.

In an yi mako biyu barci bai daidaita ba, ba saɓanin agogo ba ne kuma, a ga likita. Lambar ma'aikatar lafiya 937 tana amsawa dare da rana. Wanda aka kasa tashinsa bayan ya sha ƙwaya, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, ko ƙirji ya riƙe, a kira motar asibiti a 997.

Dattijon Hustan kuwa, na tambaye shi warfarin, ya ce a'a. Farfaɗiya, a'a. Sukari, ya ce akwai kaɗan. Na miƙa masa melatonin na miligiram 3, na rubuta a bayan kwalin da Hausa: tara da rabi na dare, awa uku bayan abinci, dare biyar. Ya ɓalle ɗaya zai jefa baki nan take, na riƙe hannunsa. Na ce, "Baba, yau dai an makara, saura awa ɗaya da rabi a kira salla. Ku je ku yi Asuba, ku koma ɗaki ku ja labule, a tashe ku kafin Azahar ko da ruwan sanyi ne." Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce to tabaran fa, nawa ake sayarwa. Na nuna masa shagon da ke maƙwabtaka da mu.